Yadda Ɗalibi Zai Feɗe Ƙagaggen Labari: Zubi, Taurari, Jigo da Salo

Ɗalibai da yawa da ke faɗuwa a tambayar adabi ba don ba su karanta littafin ba ne. Sun karanta, wasu ma har sun haddace sunayen garuruwan da tauraro, wato mutumin cikin labarin, ya ratsa. Inda gizo ke saƙar shi ne, da zarar an ce "kawo jigon littafin" ko "yi sharhi a kan salon marubucin", sai ɗalibi ya ɗauko labarin tun daga shafin farko ya shiga zuba shi, ya cika shafi uku, ya fito yana murna. Malamin da zai duba takardar ya san labarin, wataƙila ma ya shekara goma yana koyar da shi. Abin da yake nema shi ne a nuna masa yadda aka ƙera labarin: me aka sa a gaba, me aka ɓoye sai daga baya, wa aka ɗora wa nauyin saƙo, kuma da wane irin harshe. Jigo da zubi da salo da sauransu, kowanne tambaya ce da ake yi wa littafi, amsarta kuwa ba ta karɓuwa sai da hujja daga cikin littafin.

A aji galibi da jigo ake farawa. A wajen aiki kuwa jigo ba ya fitowa fili sai an gama da zubi da taurari, shi ya sa aka ajiye shi can gaba a nan.

Mataki na farko: san irin abin da ke hannunka

Adabin Hausa ya kasu gida biyu, adabin baka da rubutaccen adabi, kuma kowane gida yana da rassa uku: zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Zube shi ne magana ko rubutu kara zube, ba baiti ba amsa-amo. Tatsuniya da almara da hikaya da tarihihi duk zuben baka ne. Ƙagaggen labari kuwa rubutaccen zube ne wanda marubuci ya ƙirƙira, ko da ya jingina shi da wani abu da ya taɓa faruwa.

Amfanin wannan rabon shi ne kada ka ɗauko ma'aunin wani reshe ka auna wani. Baiti da ɗango da amsa-amo da kari na waƙa ne. Kashi da fitowa da 'yan wasa na wasan kwaikwayo ne. A ƙagaggen labari ana maganar babi da sakin layi da taurari. Wanda ya rubuta "a fitowa ta uku" alhali a kan littafin zube yake magana, ya riga ya tona wa kansa asiri.

Duba kuma zamanin da aka rubuta littafin. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar na farko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Galibin littattafan wancan zamani tafiya ce ke jan su, tauraro ya bar gida, ya yi ta gamuwa da abubuwa, ya dawo. Littattafan da suka yawaita a Kano daga shekarun 1980 zuwa gaba sun fi zama a cikin gida: soyayya, kishi, auren dole, rikicin gado. In ka san zamanin, ka san irin zubin da za ka yi tsammani.

Mataki na biyu: karatu biyu da takardar aiki

Karatun farko na jin daɗi ne. Kada ka riƙe biro, ka bar labarin ya tafi da kai, domin inda ya sa gabanka ya faɗi da inda ya gundure ka duk za su yi amfani daga baya. A karatu na biyu ne za ka ɗauki falle biyu na takarda, ka ja layi ka raba gida biyar: lambar babi da shafi, abin da ya faru, waɗanda suka fito, wuri da lokaci, sai gida na ƙarshe na maganganun da suka ja hankalinka.

Ƙa'idar ita ce kowane babi jimla ɗaya, in ya yi tsawo ƙwarai biyu. Littafi mai babi goma sha biyu bai kamata ya wuce falle biyu ba. Wanda ya ga takardarsa ta kai falle shida, kwafar littafin yake yi, bai fara nazari ba. A gida na biyar kuwa a rubuta magana yadda take, harafi da harafi, tare da lambar shafi. Guda goma zuwa goma sha biyar sun isa littafi ɗaya, daga cikinsu za a haddace biyar ko shida.

Domin bayanin da ke tafe ya zauna, ga wani ɗan labari da aka ƙaga musamman don gwaji. Habu yaron shagon Alhaji Tanko ne, wani mai sayar da hatsi. Tun a babin farko an nuna cewa al'adar Alhaji ce ya fara fitar da tsohon kaya kafin sabo. Da zai tafi aikin Hajji sai ya damƙa wa Habu makullin sito mai buhu ɗari na gero. Abokin Habu, Ɗanliti, ya yi ta zuga shi har ya sayar da buhu ashirin ya zuba kuɗin a wata harka da aka ce tana ninka kuɗi cikin wata guda. Kuɗi suka nutse, Ɗanliti ya yi layar zana. Habu ya cika buhu ashirin da yashi da ƙaiƙayi ya jera su a can ƙasa. Alhaji ya dawo, ya tara mabukata zai yi sadakar dawowa lafiya, ya ce a fara da tsofaffin buhunan da ke ƙasa. An ɗaga wuƙa za a farke na farko ke nan, Habu ya durƙusa ya faɗi gaskiya a gaban jama'a. Alhaji bai kai shi ƙara ba, amma ya karɓe makulli ya mayar da shi ɗaukar kaya har sai ya biya.

Mataki na uku: zubi da tsari

Zubi shi ne yadda aka ƙulla abubuwan da suka faru, wannan ya haifi wancan. Tsari kuma shi ne yadda aka jera su a takarda: babi nawa, da me aka buɗe, da me aka rufe, an sa wa babi kanu ko lamba kawai. Ɗalibai sukan amsa rabin tsari su bar na zubi, don ƙirga babi ya fi sauƙi. Makin mai tsoka kuwa yana wajen zubi.

Ga gwajin da ke raba zubi da jerin aukuwa. Koma gida na biyu na takardar aikinka, ka gwada sa "saboda haka" tsakanin kowace jimla da mai bi mata. Alhaji ya tafi, saboda haka makulli ya shiga hannun Habu. Kuɗi sun nutse, saboda haka ya cika buhuna da yashi. Duk inda "saboda haka" ta zauna daram, zaren labari a ƙulle yake. Inda ba ta zauna ba sai dai "sannan kuma", to ko dai reshe ne marubuci ya yi, ko kuwa zubin ya yi sako-sako a wurin. Duka biyun abin faɗa ne a amsa.

Daga nan sai ka nemo wurare biyar ka sa musu alama. Mabuɗi, inda aka gabatar da mutane da halin da suke ciki kafin komai ya lalace. Ƙulli, wato abin da ya tayar da rikici. A labarinmu ba tafiyar Alhaji ba ce, ranar da Habu ya sayar da buhun farko ce, domin daga nan ne ba ya iya komawa yadda yake. Sai tsanantar rikici, inda kowane yunƙurin gyara ke ƙara dagula al'amari. Sai ƙololuwa, inda abu ya kai maƙura har dole ya fashe, wato lokacin da aka ɗaga wuƙa. Sai warwara, inda aka kwance ƙullin aka nuna makomar kowa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar wurin da aka fi hayaniya a matsayin ƙololuwa. Faɗa ko mutuwa ko gobara ba su ne ma'auni ba. Ƙololuwa ita ce wurin da babbar tambayar labarin ta sami amsa. Tambayar labarin Habu ita ce, asirinsa zai tonu ko kuwa? In da a babi na huɗu ya yi dambe da Ɗanliti har aka fasa kai, wannan tsanantar rikici ce kawai, don tambayar tana nan ba a amsa ba.

Shi kansa rikicin a faɗi irinsa: tsakanin mutum da mutum ne, ko mutum da al'ummarsa da al'adarta, ko mutum da abin da ya fi ƙarfinsa kamar fari da yunwa da aljanu, ko mutum da zuciyarsa. Labari mai nauyi yakan haɗa biyu. Na Habu a zahiri tsakaninsa da maigidansa ne, amma na ainihi a ƙirjinsa yake, tsakanin kwaɗayi da kunya.

Zubi iri-iri ne. Akwai miƙaƙƙe, wanda ya tashi daga farko ya bi kwanaki a jere har ƙarshe. Akwai mai waiwaye, inda za a fara da Habu a durƙushe gaban jama'a sannan a koma baya a nuna yadda aka yi ya kai ga haka. Akwai mai rassa, inda labari biyu ko uku ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su haɗe. Akwai na zango-zango irin na Ruwan Bagaja, inda kowace haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe kusan labari ce mai cin gashin kanta, neman ruwan ne kawai igiyar da ta ɗaure su. Akwai kuma labari cikin labari irin na Magana Jari Ce, inda aku ke ba da labarai a cikin wani babban labari na gidan sarauta. Bai isa ka ambaci sunan zubin ba, sai ka faɗi abin da ya jawo wa mai karatu. Waiwaye, alal misali, yana kashe tambayar "me zai faru?" ya maye gurbinta da "ta yaya aka kai ga haka?"

Kafin ka bar zubi, nemi dabarun jan hankali guda biyu. Ɗaya ita ce rataye mai karatu, a yanke babi daidai inda ake ɗokin jin ci gaba. Ɗayar ita ce shuka alama tun da wuri wadda za ta yi aiki daga baya, kamar al'adar Alhaji ta fara fitar da tsohon kaya. A karatun farko ba wanda zai kula da ita. A na biyu ne za a gane cewa tarkon da zai kama Habu tun babin farko aka ɗana shi.

Mataki na huɗu: daga bakin wa labarin ke fitowa?

Hanya biyu ce babba. Ko dai mai ba da labarin yana cikin fage, ɗaya ne daga taurari, yana cewa "na tashi, na tafi", ko kuwa yana bayan fage, yana cewa "ya tashi, ta tafi". Na cikin fage ba ya sanin komai sai abin da ya gani ko aka faɗa masa, kuma yana iya kare kansa ko ya yi ƙari. Na bayan fage yakan shiga zuciyar kowa, ya faɗi abin da ake ƙullawa a ɗakin da tauraro ba ya nan.

Kada ka haɗa mai ba da labari da marubuci. A Shaihu Umar, mai cewa "ni" Umar ne yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa, ba Abubakar Tafawa Ɓalewa ba. A Ruwan Bagaja tarkon ya fi zurfi, tun da tauraron da marubucin duk suna amsa sunan Imam. A amsa sai a rubuta "tauraron ya ce" in maganar cikin labari ce, a ajiye "marubucin" don abin da ya shafi ƙira, kamar "marubucin ya jinkirta bayyana wannan sirri har babi na tara".

Mataki na biyar: taurari

Babban tauraro shi ne wanda rikicin ya rataya a wuyansa, wanda in aka cire shi labarin ya rushe. Ba lalle ne ya zama mutumin kirki ba, ba kuma lalle ne ya fi kowa muƙami ba. Habu ɓarawon amana ne kuma yaron shago, amma shi ne babban tauraro, ba Alhaji ba. Sai abokin karawa, wanda ke tare wa tauraro hanya ko ya jefa shi a rami. Sai ƙananan taurari, masu taimakawa labari ya motsa. Sai 'yan rakiya, irin mabukatan da aka tara ranar sadaka, waɗanda ba su da suna amma ba don idonsu ba da tonon asirin bai yi zafi ba.

Ana gane halin tauraro ta ƙofa huɗu: abin da ya aikata, abin da ya faɗa, abin da wasu suka faɗa a kansa, da abin da mai ba da labari ya siffanta shi da shi. Aiki ya fi sauran nauyi. In tauraro yana ta rantsuwa shi mai amana ne alhali hannunsa na cikin sito, saɓanin da ke tsakanin bakinsa da hannunsa shi ne halinsa. A wasu littattafan suna ma ƙofa ce, domin marubuci yakan laƙaba wa mutum sunan da ya dace da ɗabi'arsa.

Ga kowane muhimmin tauraro, rubuta hali uku, kowane hali da aukuwa ɗaya da ta tabbatar da shi. Sannan ka amsa tambayoyi biyu: me yake so, kuma ya canja daga farko zuwa ƙarshe ko yana nan yadda yake? Taurarin tatsuniya ba sa canjawa. Gizo mai wayo da haɗama ne jiya da yau, 'yar bora mai ladabi ce, 'yar mowa mai tsiwa ce, fuska ɗaya gare su. Tauraron ƙagaggen labari mai kyau kuwa yakan fita daban da yadda ya shiga. Habun da ya faɗi gaskiya da bakinsa kafin wuƙa ta taɓa buhu ba shi ne Habun da ya cika buhun da yashi ba.

A guji kalmomi irin su "mutumin kirki" da "mugu". Sun yi faɗi, ba sa nuna ka karanta. "Mai saurin ruɗuwa da maganar aboki" ta fi "mara kirki" daraja nesa ba kusa ba.

Mataki na shida: wuri da lokaci

Wannan ba ya cin lokaci. Faɗi inda labarin ya faru, da zamanin, da yanayin zaman mutanen. In ba a ambaci shekara ba, kayan cikin labarin za su nuna: ayari da bayi da kuɗin wuri, ko sule da fam, ko naira da wayar hannu. Abin da ke ƙara maki shi ne nuna cewa wurin yana da hannu a rikicin. Labarin Shaihu Umar ba zai yiwu ba sai a zamanin harin bayi da fataucin hamada. Na Habu ba zai yi zafi ba sai a kasuwar da amana ce jarin yaron shago.

Mataki na bakwai: jigo

Jigo shi ne babban saƙon da labarin gaba ɗaya ya ginu a kansa. A nan ne aka fi yin asarar maki, ta hanyoyi uku.

Ta farko, a ɗauki abin da labari ya buɗe da shi a ce shi ne jigo. Jiki Magayi ya fara da neman aure, don haka sai ka ga ɗalibi ya rubuta "soyayya". Amma abin da ya ja littafin har ƙarshensa shi ne ramuwar gayya ta wanda aka raba da masoyiyarsa, da ɓarnar da ta biyo baya. Soyayyar ƙofar shiga ce kawai. Ta biyu, a jero jigogi bakwai a bar malami ya zaɓa, wai ko ɗaya ya dace. Ta uku, a kawo wa'azi a maimakon jigo: "ya kamata mu ji tsoron Allah mu daina cuta." Wannan darasi ne da kai ka ɗauka, kuma ana iya liƙa shi a kusan kowane littafi. Jigo kuwa na wannan littafin ne shi kaɗai.

Ga yadda ake fito da shi. Rubuta kalmomi uku ko huɗu da kake zargin su ne jigo. A labarin Habu za a iya samun cin amana, kwaɗayi, mugun aboki, yafiya. Ɗauki kowace ka kai ta wurare uku na zubi: ƙulli, ƙololuwa, warwara. Mugun aboki yana nan a ƙulli, amma Ɗanliti ya ɓace tun kafin ƙololuwa. Yafiya ba ta bayyana ba sai a warwara. Kwaɗayi ya tayar da rikicin, amma ranar sadaka ba kwaɗayi ke damun Habu ba. Cin amana ce kaɗai ta halarci wuraren uku: da ita aka ƙulla, ita aka tona, a kanta aka yi hukunci. Ita ce babban jigo. Sauran ukun ƙananan jigogi ne, tubalan da aka gina babban da su.

Bayan ka samo shi, amsar jigo tana tafiya hawa-hawa. Fara da faɗin jigon a jimla ɗaya da ba ta wuce kalma ashirin ba: "Jigon labarin shi ne cin amana da yadda take tona wa mai yin ta asiri." Sai ka kawo furucin jigo in akwai, wato wurin da wani tauraro ko mai ba da labari ya furta saƙon da bakinsa; a littattafan Hausa sau da yawa yana zuwa a karin magana, wani lokaci ma sunan littafin ne. Sai jigo a gajarce, inda za ka taƙaita labarin cikin jimla biyar ko shida, kana bin zaren jigon kaɗai kana tsallake duk abin da bai shafe shi ba. Sai warwarar jigo, wadda ita ce gangar jikin amsar: aukuwa uku ko huɗu, kowace da sakin layinta, kana nuna yadda ta ƙarfafa saƙon. Ƙananan jigogi su zo a ƙarshe, biyu ko uku, kowanne da hujja ɗaya.

Littafi yana iya ɗaukar fassara fiye da ɗaya, kuma malamai kansu sukan saɓa a kan jigon littafi guda. Wanda ya kawo jigon da ya bambanta da na allo amma ya kafa shi da hujja uku masu ƙarfi ya fi wanda ya haddace na allo ya kasa nuna inda yake a littafin.

Mataki na takwas: salo da sarrafa harshe

Salo shi ne hanyar da marubuci ya bi ya isar da saƙonsa. Masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo sun yi bayanin ire-irensa, kuma sunayen da ɗalibi zai fi cin karo da su su ne miƙaƙƙen salo, mai sauƙi ba ado da yawa. Salo mai armashi, mai jan rai da ƙawata magana. Salo mai sarƙaƙiya, wanda sai an yi ta maimaita karatu. Da raggon salo, mai gundura. Kusan kowane ɗalibi yakan rubuta "marubucin ya yi amfani da salo mai armashi" ya tsaya nan. Jimlar ba ta da maki sai an biyo ta da abin da ya sa aka ce haka.

Duba abubuwa huɗu. Tsawon jimloli: gajeru masu gudu a wurin tashin hankali, dogaye a wurin siffantawa. Zaɓen kalmomi: daidaitacciyar Hausa ce ko akwai karin harshe kamar Sakkwatanci ko Katsinanci, akwai aron Larabci a bakin malamai ko na Ingilishi a bakin 'yan boko, akwai tsofaffin kalmomin sarauta da yaƙi? Hirar taurari: kowa yana magana daidai da matsayinsa, ko kuwa tsohuwar ƙauye da ɗan jami'a bakinsu ɗaya? Na huɗu shi ne adon harshe, wanda ke bukatar a rarrabe shi da kyau.

Kamantawa tana da kalmar da ke nuna ta. In aka ce "Habu ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi", kamancen daidaito ne, alamarsa kamar ko tamkar ko sai ka ce. "Bakin Ɗanliti ya fi zuma zaƙi" kamancen fifiko ne. "Wayonsa bai kai na ɗan tsako ba" kamancen kasawa ne. Siffantawa kuwa ba ta da wannan kalma, kai tsaye ake cewa abu shi ne wani abu: "Ɗanliti kura ne." Jinsintarwa ita ce a ɗauki ɗabi'ar wani jinsi a ba wani. In aka ba abin da ba mutum ba halin mutum, mutuntarwa ce: "sito ya zuba masa ido." In aka ba mutum aikin dabba, dabbantarwa ce: "ya yi ta haushi a tsakar kasuwa." In aka ba shi halin abu mara rai, abuntarwa ce: "Habu ya narke a gaban Alhaji." Alamtarwa ita ce wani abu ya tsaya a madadin wata ma'ana a tsawon labarin, kamar buhun yashi, cike a ido wofi a ciki, wanda ke wakiltar Habun kansa a wancan lokaci. Kambamar zulaƙe kuwa zuzutawa ce da hankali ba zai ɗauka ba: "gumin da ya karyo masa zai cika rijiya."

Sai maganganun azanci da aka gada daga adabin baka. Karin magana sananniya ce, amma kada a tsaya ga tsamo ta. A faɗi wa ya yi ta, ga wa, a wane hali. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya" a bakin Alhaji hukunci ce, a bakin mahaifiyar Habu tun kafin asiri ya tonu gargaɗi ce kuma shuka alama. Habaici da zambo ana yawan rikita su. Habaici ba ya kama suna, mai shi ne ke tsarguwa, kamar wani ɗan kasuwa ya ce "wasu dai sun yi ƙiba tun da mai kaya ya hau jirgi." Zambo kuwa muzantawa ce ta fili, a siffanta mutum da abin da zai sa a yi masa dariya. Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi: "Ci gaba da sayarwa mana, ai gadonka ne." Kirari kuma kambamawa ce ta yabo, ko mutum ya yi wa kansa ko a yi masa.

Misali uku da aka yi wa bayani sun fi goma da aka jero. Ga kowanne a kawo maganar, a faɗi sunan adon, a faɗi aikin da ya yi a wurin.

Mataki na tara: rubuta amsa

Karanta kalmar umarni kafin komai. "Kawo" ko "lissafa" na neman jeri da ɗan bayani. "Bayyana" na neman bayani da misali. "Yi sharhi" na neman ra'ayinka da hujja, har da inda marubuci ya gaza. "Kwatanta" na neman kama da bambanci duka biyu, kuma a riƙa haɗa taurarin biyu a kowane sakin layi, ba a gama da ɗaya sannan a ɗauko ɗayan ba.

Kowane sakin layi ya ɗauki abu uku a jere: magana, hujja, bayani. Ga rarraunar amsa: "Habu yaron Alhaji ne. Alhaji ya tafi Makka ya bar masa sito. Sai Ɗanliti ya zo ya ce masa..." Ga mai ƙarfi: "Habu mutum ne mai gudun kunya fiye da gudun laifi. Da kuɗin suka nutse bai nemi hanyar biya ba, sai ya cika buhuna da yashi ya ɓoye su a ƙasa. Wannan ya nuna abin da ya dame shi shi ne kada a gani, kuma shi ya sa marubucin ya shirya tonon asirin a gaban taron jama'a, inda ya fi masa ciwo." Ta biyun ba ta da wani tsawo, amma ta taɓa tauraro da zubi da jigo a jimla uku.

In minti talatin gare ka ga tambaya ɗaya, ba biyar na farko ga tsara maki uku ko huɗu da hujjojinsu a gefen takarda, ashirin ga rubutu, biyar ga dubawa. In ka manta ainihin lafazin wata magana, faɗi ma'anarta da kalmominka ba tare da alamar zance ba. Ƙirƙiro magana a jingina wa littafi ya fi rashin kawo ta muni, don mai dubawa yana da littafin a gabansa. Littattafan da hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO da JAMB ke zaɓa suna canjawa lokaci zuwa lokaci, saboda haka a tabbatar da jerin shekarar da za a zauna daga manhajar hukumar, kada a dogara da tsohon littafin yaya ko na maƙwabci.

A minti biyar na dubawa, bi ƙa'idojin rubutu: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, babban baƙi a farkon sunayen taurari da garuruwa, da raba kalmomin da aka saba haɗewa a saƙon waya. "Shi ne" da "ita ce" da "ya ce" da "ba ne" kowace kalma biyu ce, kuma sunan littafi a rubuta shi cikakke yadda yake a bango.